Yadda Na Juya Filin Besbol na Gashuwa

Haƙƙin da ke wuyan magatakarda shi ne ya karɓi takarda yadda ta zo, ya adana ta yadda take, ya fito da ita ran da aka nema, bai ƙara mata ba, bai rage mata ba. Wannan shi ne abin da ofishinmu na wasanni na shiyya ya ɗora mini tun ranar da aka danƙa mini makullin ɗakin fayil, kuma shi nake karanta wa duk ƙaramin ma'aikacin da aka turo ƙarƙashina, har suka laƙaba mini Malam Doka, suna zaton ban sani ba. Na sani. Na ma rubuta ranar da na fara jin sunan.

Yanzu da ya rage mini 'yan makonni in miƙa makullin in koma gida, abokan aiki sun nemi in rubuta abubuwan tunawa a tarihin ƙungiyarmu ta besbol, tunda ni kaɗai ne na rubuta kowane jifa da kowane duka tun daga farkonta har ƙarshenta. Na amsa, amma da sharaɗin zan haɗa da ranar da suka fi so in tsallake. Ranar nan ba ta taɓa fita daga raina ba, kuma tare da ita akwai wani shafi, shafi na bakwai, a fayil ɗin wani dattijo mai suna Baba Kyari, wanda ya kira shi maƙaryaci da rubutun hannuna. Shafin yana nan har yau. Dalilin wannan rubutu ke nan, sauran duk rakiya ne.

'Yan shekaru bayan an ba mu jiha, wata mota ta zo daga hedkwata ta sauke mana akwatuna biyu. A ciki akwai kulake masu santsi, da ƙwallaye masu tauri kamar goruba, da safar hannu ta fata wadda kowace za ta ɗauki kan jariri, da wani abin rufe fuska mai kama da kejin kaji. Wasiƙar da ta rako su ta ce an zaɓi shiyyarmu don raya sabon wasa, a kafa ƙungiya ɗaya a Gashuwa, ɗaya a Nguru, a kuma ɗauki 'yan wasan a matsayin ma'aikata, wasan ya zama shi ne sana'arsu. Ta Gashuwa aka sa mata 'Yan Kogi, ta Nguru kuwa 'Yan Jirgi. A duk ofishin babu wanda ya taɓa ganin an buga wasan, har da Malam Ɗanjuma, malamin motsa jiki da aka naɗa mai horarwa.

Ga wanda bai san wasan ba, ga shi a taƙaice. Fili ne mai kusurwa huɗu, a kowace kusurwa akwai tasha, ɗaya daga cikinsu ita ce gida. Mai jifa yana tsaye a tsakiya, ya wurgo ƙwallo. Mai duka yana gida da kulki, ya maka ta, ya yar da kulkin, ya ruga tasha ta ɗaya, sai ta biyu, sai ta uku, ya dawo gida. In ya dawo lafiya, ƙungiyarsa ta ci maki ɗaya. In ƙwallon ta riga shi isa tashar da ya nufa, ya fita. Mutum uku suka fita, sai masu duka su koma tsaro, masu tsaro su zo duka. Turmi tara ake yi. Mutanen gari ba su wahalar da bakinsu da sunan Turawa ba, ƙwallon kulki suka ce.

Littafin dokokin da aka haɗo mana kwafi ne na inji, kuma shafin da ke ɗauke da zanen fili babu shi. A madadinsa, wani jami'i a hedkwata ya ɗora takarda mai shara-shara a kan littafin asali, irin wadda masu zanen gini suke kwafe taswira da ita, ya bi zanen da fensir: kusurwa huɗu, ɗigo a tsakiya, da kibiyoyi masu nuna inda gudu zai bi. Ko harafi ɗaya bai rubuta a kanta ba, domin awon yana cikin wasiƙa. Irin takardar nan, ta gaba da ta baya duk zanen yana fitowa.

Ƙa'idar fayil, wadda na koya tun a makarantar horar da ma'aikata, ita ce a huda takarda a kusurwar hagu ta sama, sannan a zura igiya. Wannan takarda ta zo da hudarta a kusurwar dama. Na tuna sarai na yi tsaki, na ce wa masinja to, har a hedkwata ma aiki ya lalace. Sai na kifa ta, huda ta koma hagu inda doka ta ajiye ta, na buga mata hatimin karɓa, na sa mata lamba da jan biro, na zura ta a fayil. Ban ƙara mata komai ba, ban rage ba. Juya ta kawai na yi.

Baba Kyari shi ne leburan filinmu. Mutumin ƙauyukan arewa da Gashuwa ne, Hausarsa da nauyin Barbarci a kanta. Yana saurayi ya tafi aikin hajji, ya zauna can shekaru, ya yi aikin ban ruwa a wata unguwar Amurkawa masu aikin mai a gabashin ƙasar, ya dawo da buta ɗaya ta ƙarfe da gwiwa mai ciwo. Ranar da muka fita auna fili a bayan ofis, gefen hanyar kogi, shi ne yake riƙe da bokitin toka yana bin igiya yana zuba layi. Da aka gama, na buɗe fayil, na bi kibiya, na tsaya a gida na fuskanci fili, na ce a kafa turken tasha ta ɗaya a hannun hagu.

Ya ajiye bokitin. Ya ce, "Malam Habu, a gafarce ni, wannan ai ita ce ta uku."

Na tambaye shi a wace makaranta ya karanta haka. Ya ce ba makaranta ba ce, irin wannan filin ya yi shekara shida yana ba shi ruwa, kuma duk yammacin Alhamis yana zaune a gefe yana kallon masu gidansa suna wasa. Ya ce, "Gudun nan kamar ɗawafi yake, ta dama ake fita, mai jifa yana hagunka. Ban taɓa ganin wanda ya fita ta hagu ba sai wani ɗan shekara huɗu, shi ma uwarsa ta shiga ta juyo da shi."

'Yan wasa suka fashe da dariya, kuma a lokacin ban tantance ko da wa suke ba. Na nuna masa zanen, na ɗora yatsa a kan hatimi. Ya ce shi ba ya karatun boko, amma idonsa bai taɓa yi masa gardama ba. Malam Ɗanjuma ya dube ni, ya dubi dattijon, ya dubi hatimin, ya ce a bi takarda. Aka kafa turke a hagu. Baba Kyari ya zuba tokarsa yadda aka umarce shi. Sai dai daga ranar, duk lokacin da wani ya maka ƙwallo ya ruga, sai a ji shi daga bakin fili yana cewa Allah ya shirya. Mako uku ina jin wannan addu'a, tana shiga mini har ƙashi.

Na rubuta masa takardar tuhuma, wato takardar da ake ba ma'aikaci ya kare kansa cikin kwana biyu. Na tuhume shi da ja da umarnin da ke rubuce, da cusa addini cikin aikin hukuma, da kuma karya wa 'yan wasa gwiwa. Ya kawo amsa da ajami, layi biyu, a bayan wata takardar sabulu: abin da ya gani ya faɗa, Allah ne shaidarsa. Na rubuta a gefe cewa amsar ba ta zo da rubutun da hukuma ta sani ba, don haka ana ɗaukar bai amsa ba. Ina so ƙananan ma'aikata su lura cewa ni jikan malamai ne daga Haɗeja, da ajami na fara karatu, kuma na karanta layukan nan biyu tsaf kafin in ce ba su karantu ba.

Daga nan na tsara takardar gargaɗi. A cikinta akwai wannan jimla, wadda na yi alfahari da ita a lokacin saboda kyan gininta: "Tunda babu wata shaida a rubuce cewa ma'aikacin ya taɓa aiki a irin wannan fili a wata ƙasa, ofis yana ɗaukar maganarsa a matsayin ƙarya." Sakataren shiyya na wancan lokaci, Alhaji Maina, ya sa hannu yana waya. Ta zama shafi na bakwai. Aka mayar da Baba Kyari Dapchi gadin wani sito da babu komai a cikinsa sai tsofaffin ragar ƙwallon ƙafa, iyalinsa suna Gashuwa. Maganar ta fita gari, kamar yadda maganar ofis take fita. Har ta kai in mutum ya yi zuƙi ta malle a majalisa, sai a ce masa wannan ai labarin Baba Kyari ne.

Sai muka shiga shekaru uku waɗanda, in za a bar ni in faɗi gaskiya, su ne mafi daɗi a rayuwata ta aiki. Da ƙafata na je Nguru da fayil a hammata na auna musu nasu filin kusa da tashar jirgin ƙasa, don kada su yi kuskure.

Mai jifanmu Bukar ne, masunci daga Dagona, wanda yake sako ƙwallo ta gefe kamar mai watsa birgi a ruwa. Akwai ranar da ya yi turmi bakwai a Nguru babu wanda kulkinsa ya ko shafi ƙwallon, har wani ɗan Jirgi ya ajiye kulki ya je ya buɗe masa tafin hannu yana neman laya. Babban mai dukanmu kuwa Buba ne daga Kumagannam, wanda ya tashi da sandar kiwo a kafaɗa. Shi ne ya maka wata ƙwallo a Nguru ta haye katanga ta faɗa cikin taragon shanu, jirgin kuwa yana kan tashi. Na rubuta a littafi cewa ƙwallo ta tafi Kano, ba ta dawo ba. Na daɗe ina gaya wa mutane cewa a duniya babu dukan da ya kai wannan nisa, kuma har yau ban ga wanda ya kawo hujjar da ta rushe wannan ba.

Akwai kuma shekarar da kogi ya cika ya shigo ƙarshen filinmu. Wani mai tsaronmu ya ari kwalekwale ya zauna a ciki, ƙwallo ta zo ya cafe ta yana zaune. 'Yan Jirgi suka tayar da ƙura. Alƙalin wasa ya rasa ta cewa, aka zo teburina. Na buɗe littafin dokoki tun daga farko har ƙarshe, jama'a suna tsaye a rana, na yanke cewa babu inda aka hana kwalekwale. Mata masu sayar da soyayyen kifi a bakin fili suka yi ta guɗa. A ranar na koma gida ina jin cewa ilimi yana da rana.

Ba zan ce Allah bai aiko mini da alamu ba. Malam Ɗanjuma ya sha yi mini kukan cewa masu tsaronsa, in sun tsinci ƙwallo, sai sun juya jikinsu gaba ɗaya kafin su iya jefa ta tasha ta ɗaya, in ban da bahagwai, waɗanda abin yake zo musu daidai hannu. Mai hankali da ya tsaya ya tambayi dalilin da zai sa a ƙirƙiro wasan da bai dace da yawancin 'yan Adam ba. Ni kuwa sai na zauna na rubuta wa hedkwata rahoto mai shafi huɗu a kan baiwar bahagwai a ƙasarmu ta Bade, na ba da shawarar a wayar wa iyaye kai su daina buge hannun yaro in ya miƙa hagu. Ba a ba ni amsa ba. Na aika tunatarwa sau biyu.

A shekara ta uku, bayan an gama girbi, aka aiko mana cewa wani mai horarwa zai zo daga Legas ya kalli wasanmu, ya zaɓi waɗanda za a kai sansanin 'yan wasan ƙasa. Buba ya sayi sabon takalmi. Mahaifin Bukar ya zo daga Dagona da mutanen unguwarsu a bayan akori-kura. Ranar Asabar ce, da hantsi, a filin Gashuwa. Aka kafa rumfa, aka jera kujeru. Baƙon dogo ne, ya yi karatun wasan a ƙasar waje, yana jin Hausa irin ta bariki domin a nan arewa ya girma. Na hango Baba Kyari can ƙarƙashin darbejiya a ƙarshen fili, ya biyo motar kasuwa daga Dapchi, ya shimfiɗa buzunsa. Na yi niyyar in bincika ko ya nemi izinin barin wurin aiki.

'Yan Jirgi ne suka fara duka, kasancewarsu baƙi. Na farkonsu ya taɓa ƙwallo ya ruga hagu. Baƙon ya yi murmushi, ya ce wa Alhaji Maina tsoro ne, yakan faru. Sai ya ga mai tsaro ya tsinci ƙwallon ya jefa hagu, wani yana can yana jira ya cafe, alƙali ya ɗaga hannu, jama'a suka tafa. Ya ajiye kwalbar lemonsa a ƙasa a hankali. Na biyu ya zo, shi ma ya maka ya bi hagu. Baƙon ya miƙe ya shiga tsakiyar fili da hannuwansa biyu a sama, ya tambaya wane ne ya zana wannan wuri.

Na tashi, na gyara hulata, na ɗauki fayil. Ina tabbatar muku da cewa tafiyar da na yi daga teburina zuwa tsakiyar filin nan tafiyar mai zuwa karɓar lambar yabo ce. Na buɗe masa shafin, na nuna masa hatimi da lamba da ranar karɓa. Ya dubi zanen, ya ɗaga takardar ya kalli rana ta cikinta. Sai ya goga babban yatsansa a fuskar da na buga wa hatimi, ya duba, yatsa fes. Ya kifa ta ya goga a ɗaya fuskar, ya ɗago yatsan baƙi ƙirin da fensir. Ya kawo shi daf da hancina.

Ya ce, "Oga, bayan takarda ka buga wa hatimi."

Abin da ya kamata in yi shi ne in yi shiru. Maimakon haka sai na ji bakina yana yi masa bayani, a gaban jama'ar gari biyu, cewa hudar ce ta zo a kusurwar da ba tata ba, kuma ƙa'ida ta ce hagu ta sama. Na ma ambaci babin da abin yake. Ya dube ni tsawon lokaci, irin kallon da likita yake yi wa ciwon da bai taɓa gani ba sai a littafi. Alhaji Maina kuwa ya sami wani abu mai muhimmanci a kan takalminsa yana ta dubawa.

Baƙon mutumin kirki ne. Ya ce a sauya, tasha ta ɗaya ta koma dama, a ci gaba, zai duba abin da zai iya gani. To amma ƙafar da ta yi shekara uku tana bin hanya ɗaya ba ta jin sanarwa. Masu tsaro suka riƙa jefa ƙwallo inda babu kowa. Wani ɗan Jirgi da ya samu ya isa tasha ta ɗaya, da aka sake duka sai ya juyo gida a guje, suka yi karo da ɗan'uwansa ƙirji da ƙirji, aka fitar da su ana yi musu fifita.

A turmi na huɗu Buba ya zo duka. Bai taɓa yin irin dukan nan ba, har wanda ya tafi Kano. Ƙwallon ta tashi ta haye kowa, ta haye darbejiya. Duk filin, 'yan Kogi da 'yan Jirgi da mata masu kifi, suka haɗa baki suna ce masa dama, dama. Ya yi taku uku ta dama, na gani da idona. Sai ya tsaya cak kamar wanda aka kira sunansa daga baya, jikinsa ya kwashe shi ya yi hagu, ya zagaye filin kaf ta tsohuwar hanya da sabon takalminsa, ya dawo gida yana haki yana murmushi. Babu wanda ya tafa. Alƙali ya dubi baƙo, baƙo ya girgiza kai. Ni ne mai littafi, don haka ni na rubuta a gaban sunan Buba cewa ya fita.

Ina cikin rubutawa na ga inuwa a kan teburina. Baba Kyari ne, ya tako tun daga ƙarƙashin bishiyar da gwiwarsa mai ciwo, ƙwallon tana hannunsa. Bai kai wa alƙali ba. Ya ajiye ta a kan littafina, ya gaishe ni da kyau, ya tambayi iyali, sannan ya ce, "Ga kayan gwamnati, Malam Habu. A sa a fayil."

Mutum ɗaya baƙon ya ɗauka, Bukar, yana mai cewa mai jifa a wuri ɗaya yake tsayawa, don haka ban sami hanyar lalata shi ba. Rahotonsa ya ce ba za a lissafa wasanninmu na shekara uku a matsayin besbol ba. Hedkwata ta daina aiko da kaya. Kafin damina biyu aka rarraba 'yan wasan zuwa wasu sassa, Buba ya ajiye aiki ya koma fataucin dabbobi. In mun haɗu a kasuwar Nguru yakan gaishe ni da girmamawa, abin da ya fi zagi ciwo.

Ranar Juma'ar da ta biyo bayan wasan nan, da safe, na je gidan Baba Kyari. Na tsuguna na ba shi haƙuri, na kuma gaya masa na sa an dawo da shi Gashuwa. Ya yi dariya har ya riƙe gwiwa, ya ce shi bai riƙe ni ba, da ma in ya tuna yaran nan suna gudu ta hagu sai ya ce a ransa ko ɗawafin wa suke warwarewa. Ya sa aka kawo mini kunu. Da na tashi tafiya sai ya riƙe mini hannun riga, fuskarsa ta canza.

Ya ce, "Abu ɗaya ne. An karanta mini takardar nan. Na je Ɗakin Allah na dawo, a ce littafin gwamnati ya rubuta ni maƙaryaci. Ka cire mini kalmar nan kafin in mutu."

Na ce masa an gama.

Ranar Litinin na shiga wurin Alhaji Maina da fayil ɗin. Ya ce, "Malam Habu, makullin a aljihunka yake. Yage ta, ka huta, mu huta." Na ce masa, ranka ya daɗe, shafin da aka sa wa lamba ba a cire shi, domin duk wanda ya zo baya ya ga shida ya ga takwas zai san an yi ha'inci, kuma ba zai san wane iri ba. Hanya ɗaya ce: kwamitin bincike ya zauna, ya tabbatar an yi kuskure, a ja jan layi biyu a kan shafin, a rubuta an soke, mai muƙamin da ya sa hannu a farko ya sake sa hannu. Ya yi dariya har ta koma masa tari, ya ce zai duba. Aka yi masa canjin wurin aiki bai duba ba.

Sakatarori huɗu suka biyo bayansa, kowanne na kai masa maganar, kowanne ya ce in yage. Na ukunsu, wanda ya ɗan san ƙa'ida, ya ce ba a kafa kwamiti sai an kawo ƙarar wani jami'i a rubuce. Na koma ofishina na rubuta ƙarar kaina. Takardar ta hau sama, ta yi wata biyu, ta sauko da umarnin a miƙa wa jami'in adana bayanai ya yi sharhi. Ni ne jami'in adana bayanai. Na yi sharhi cewa na bincika, zargin yana da tushe, kuma jami'in da ake ƙara ba shi da wata kariya. Ta sake hawa, ta sauko da kalma biyu: a ajiye. Na ajiye ta, domin aikina ke nan.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai wata azahar da na rufe ƙofar ɗakin fayil, na kwance igiyar, na riƙe shafi na bakwai da yatsu biyu. Takarda ce ƙwaya ɗaya, ta yi ja don tsufa, ko akuya ba za ta ƙoshi da ita ba. Na fi minti goma a tsaye. Daga ƙarshe na mayar da ita na ɗaure. Mutumin da ya juya filaye biyu da ƙafafun mutum talatin ya kasa yage takarda ɗaya. Na rubuta bayanin gaskiya da hannuna na liƙa a bayanta, amma sa hannuna bai kai na sakatare nauyi ba, don haka a idon doka shafi na bakwai yana nan da ransa.

Baba Kyari ya daɗe da barin aiki. Idon nan da bai taɓa yi masa gardama ba yanzu ya yi rauni, yana wuni a kan buzunsa a ƙofar gida kusa da masallaci. Duk Salla nakan je gaishe shi, yakan gane ni tun daga sallama. Bayan gaisuwa sai ya ce, "Malam Habu, an cire?" In ce ana kan aiki, Baba. A Sallar da ta wuce sai ya ce, "To, ta hagu kuka bi ke nan." Mutanen da ke zaune suka yi dariya. Shi bai yi ba.

Ga ƙananan ma'aikata, abin da na koya kaɗan ne, kuma na koye shi da tsada a kan wasu. Hatimi yana tabbatar da cewa takarda ta iso, ba ya tabbatar da cewa mai hatimin ya fahimce ta. In lebura ya ajiye bokitinsa ya ce muku a gafarce shi, ku rufe fayil ku saurara, domin ba ƙaramin abu ne yake sa mai ƙaramin albashi ya yi wa na sama da shi gyara a gaban mutane ba. Ban ce ku yi wasa da ƙa'ida ba. Har gobe a kusurwar hagu ake huda takarda.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon mai girma Sakataren Shiyya na yanzu da ya kafa kwamitin bincike kafin ƙarshen wannan wata, ko da na mutum biyu ne, ko da zaman rabin sa'a ne, a kan yadda magatakarda Habu ya karɓi zanen filin besbol da kuma yadda ya tsara takardar gargaɗin da ke shafi na bakwai a fayil ɗin Kyari, tsohon leburan fili. Wanda ake zargi zai halarta, ya kuma amsa laifinsa tun yanzu don kada a ɓata lokaci. Ina roƙon a soke shafin da jan layi biyu, a rubuta cewa abin da ma'aikacin ya faɗa gaskiya ne, a kuma karɓi amsarsa ta ajami a matsayin amsa. Ina roƙon a tura jami'i, ba ni ba, ya karanta masa sokewar da babbar murya a ƙofar gidansa bayan sallar la'asar, lokacin da majalisar take cika, domin a irin wannan majalisa aka mayar da sunansa karin magana. Duk hukuncin da kwamiti ya ga ya dace da ni, a rubuta shi a sa a nawa fayil ɗin, zan sa masa lamba da hannuna kafin in miƙa makulli. Dattijon ya tsufa ƙwarai, ranka ya daɗe, kuma na riga na ce masa an gama.

Wannan takarda na rubuta ta a kan takarda mai kauri wadda ba a ganin bayanta, a fuska ɗaya kawai, na kuma huda ta da kaina a kusurwar hagu ta sama. Ina roƙon kada a juya ta.

Habu, magatakarda,
Ɗakin Fayil, Gashuwa.